Yadda Ake Warware Lissafin Bilan: Jagora Ga Ɗaliban Injiniyancin Sinadarai A Yamai

Tun da aka shiga semestir ɗin nan saƙonni ke ta zuwa mini daga ƙannenmu na ƙetaren kogi, na Jami'ar Abdou Moumouni da na EMIG, makarantar injiniyancin ma'adinai da masana'antu, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: ta ina ake kama lissafin bilan, wato lissafin abin da ya shiga na'ura da abin da ya fita daga cikinta? Wani ya ce a amfi yana gane komai, amma da an miƙa masa takardar debuwar sai kansa ya kulle. Wata ta ce lissafinta na tafiya daidai, amma kullum amsarta ba ta zuwa ɗaya da ta malam.

Ƙannena, wannan lissafi shi ne ƙashin bayan karatunku. Tacewa, busarwa, musayar zafi, reyakta (na'urar da sinadarai ke rikiɗa a cikinta), duk a kansa za a ɗora su a shekarun gaba. Abin da na yi imani da shi kuwa shi ne, a zane ake cin bilan, tun kafin a taɓa kalkilatiris. Don haka ku bi matakan a jere, kada ku tsallake na farko-farkon don kun ga kamar suna da sauƙi. Lambobin da waƙafi na rubuta su, yadda muke yi a makarantunmu: 0,5 rabi ke nan.

1. Kayan aiki da abin da za su ci

Kaye babba mai ƙananan gidaje, kireyon, gom, regil, da bik kala biyu. Sai kalkilatiris ta kimiyya. Irin Casio fx-991 tana warware ekwasiyon biyu ko uku a haɗe, kuma wannan yana rage aiki sosai. Ku ƙara da shafi ɗaya na teburin sinadarai mai nauyin kowane atom, da shafi ɗaya na canjin awo da kuka rubuta da hannunku.

Kalkilatiris ce kaɗai mai ɗan tsada. Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne fotokofi: in shafi dala biyar ne, polikofi mai shafi 80 jika biyu ke nan, ga darussa da yawa a semestir. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku buga manyan takardu, amma takardar TD, wato ta atisayen aji, kowa ya mallaki tasa, don a kanta za ku yi ta zane. Ta fannin kwamfuta, LibreOffice Calc da DWSIM, manhajar kwaikwayon aikin masana'anta, kyauta ne. Aspen Plus, mai irin aikin DWSIM, lasisinsa na da tsada ƙwarai, kuma a wannan matakin ba ku buƙatarsa.

Gargaɗi: jabun kalkilatiris sun cika kasuwa. Kafin ku biya, ku sa ta warware ekwasiyon biyu da kuka riga kuka san amsarsu. Ku kuma tambayi malam irin wadda ya yarda a shiga da ita jarrabawa, don sau da yawa ana hana masu ajiye rubutu.

2. Karanta tambayar sau biyu

Karon farko ku ajiye bik, ku karanta don ku ga abin da ke faruwa: me ya shiga, me aka yi masa, me ya fita. Karo na biyu ku ja layi ƙarƙashin kowace lamba tare da awonta, sannan ku amsa wa kanku tambayoyi uku. Aikin mai gudana ne ba tsayawa, ko kuwa zubi-zubi ne? Yanayinsa ya daidaita, ba ya canzawa da lokaci? Akwai reyaksiyon, wato wani sinadari na rikiɗa ya zama wani?

Doka ɗaya ce ke riƙe da komai:

Shiga − Fita + Samuwa − Ƙarewa = Taruwa

In yanayi ya daidaita, taruwa sifiri ce. In babu reyaksiyon, samuwa da ƙarewa sun fita. Sai a bar ku da: Shiga = Fita.

Ga misalin da za mu tafi da shi. Ana zuba yankakkiyar albasar Galmi 1000 kg a kowace awa cikin na'urar busarwa. Albasar na ɗauke da ruwa 88 % na nauyinta, ana so ta fito da 8 %. Nawa ne busasshiyar albasar da ke fita, nawa ne ruwan da aka cire?

3. Zane

Kowace na'ura akwati ce, kowane abu mai shiga ko fita kibiya ce. A kan kowace kibiya ku rubuta abu biyu: yawan abin da ke wucewa, da kason kowane sinadari a cikinsa. Abin da kuka sani ku sa da bik shuɗi, wanda ba ku sani ba ku ba shi harafi da jan bik. A misalinmu kibiya uku ce: F mai shiga, 1000 kg/h, ruwa 0,88, daskararren abu 0,12, P busasshiyar albasa, ruwa 0,08, daskararre 0,92, V tururin ruwa zalla.

Sannan ku zagaye akwatin da layi mai ɗigo-ɗigo. Wannan ita ce iyakar lissafinku. Ku ɗauke ta kamar katangar gida: wanda ya ratsa ta ƙofa, shiga ko fita, shi kaɗai ake ƙirgawa, zirga-zirgar tsakar gida ba ta shafe ku ba.

Gargaɗi: kibiyar da aka fi mantawa ita ce wadda ido ba ya gani, wato tururi, hayaƙi da iskar gas. In kuka ga akwati mai kibiya ɗaya shiga, ɗaya fita, kuma kasonsu ya bambanta alhali babu reyaksiyon, to akwai ta uku da ba ku zana ba. Haka kuma kason da ke kan kowace kibiya dole jimlarsa ta ba da 1. In an faɗa muku ruwa 0,08 kawai, ku cike 0,92 da kanku nan take.

4. Daidaita awo da zaɓen tushe

Kafin ekwasiyon ko ɗaya, ku mayar da komai awo ɗaya: ko duk kilo a awa, ko duk kilomol a awa. Ku riƙa rubuta awon a jikin lamba kuna soke shi kamar yadda ake soke lamba. Misali, matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, an gina ta ne don tace ganga 20 000 a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce, don haka 3180 m³ ke nan a rana, ko 132,5 m³ a awa. In tambaya ta ce ku ɗauka nauyin man 850 kg ne a kowace m³, kun sami kusan ton 112,6 a awa. Ganga da mita kubik ba su shiga bilan kai tsaye, sai an mayar da su nauyi ko mol, domin cika ba ta da tabbas: lita ɗaya ta wani ruwa da lita ɗaya ta wani, in an gauraya, ba lalle su ba da lita biyu cif ba.

Tushe shi ne adadin da kuka kafa lissafi a kansa. In an ba ku yawan wata kibiya, shi ne tushenku. In kaso kawai aka bayar, ku zaɓi 100 kg idan kason na nauyi ne, ko 100 mol idan na mol ne, a kan kibiyar da kuka fi sanin abin da ke cikinta. Ku rubuta tushen a saman takarda ku ja masa layi.

Gargaɗi uku a nan. Kason nauyi da kason mol ba abu ɗaya ba ne: iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta 21 % ne ta mol, amma kusan 23 % ta nauyi. Littattafan Amurka suna yawan aiki da lb, kuma 1 lb daidai yake da 0,4536 kg. Sannan a littattafan Ingilishi 1,000 dubu ce, a namu kuwa ɗaya ce. Ku duba ko kalkilatiris ɗinku da kwamfutarku waƙafi suke ganewa ko ɗigo.

5. Ƙirga abin da ba a sani ba

Wannan matakin minti ɗaya yake ci, amma shi ke hana ku ɓata rabin awa. Ku ƙirga haruffan jan bik, ku ƙirga ekwasiyon masu zaman kansu. In babu reyaksiyon, yawan ekwasiyon shi ne yawan sinadaran da ke cikin akwatin. Albasarmu: haruffa biyu, P da V, sinadarai biyu, ruwa da daskararre. Biyu a cire biyu, sifiri, sai aiki. In haruffa sun fi yawa, akwai bayanin da ya ɓuya a tambayar, galibi jimla irin "ana samun 95 % na kaza a sama" ko "wannan ninki biyu ne na wancan". Ku koma ku nemo shi.

Gargaɗi: bilan na jimla ba ƙarin ekwasiyon ba ne. In sinadarai biyu ne, za ku iya rubuta uku, na jimla da na kowane ɗaya, amma biyu ne kawai masu zaman kansu. Wanda ya yi amfani da ukun don neman haruffa uku zai yi ta juyi har ya ƙare a 0 = 0.

6. Rubuta ekwasiyon, a fara da mafi sauƙi

Ku nemi sinadarin da ya shiga ta kibiya ɗaya ya fita ta kibiya ɗaya. A busarwa daskararren abu ne, tunda ba ya bin tururi:

1000 × 0,12 = P × 0,92, don haka P = 130,4 kg/h

Sai bilan na jimla: V = 1000 − 130,4 = 869,6 kg/h.

Ku tsaya nan ku dubi lambobin da kyau, don a wannan wurin ne mafi yawan maki ke zubewa. Ɗalibai da yawa sukan ce 88 a cire 8 saura 80, don haka ruwa 800 kg ya tafi. Kuskure ne, kuma dalilinsa shi ne 88 % ɗin na 1000 kg ne, 8 % ɗin kuwa na 130,4 kg ne. Kaso biyu da ba tushensu ɗaya ba, ba a cire ɗaya daga ɗaya. Wanda ya gina na'urar busarwa a kan 800 kg ya rage mata kusan 70 kg na ruwa a kowace awa, kuma albasar da ba ta bushe ba ruɓewa za ta yi a buhu.

A darasin busarwa za ku ga ana auna ruwa a kan busasshen abu, ba a kan jimla ba. Canjin ba wuya: 0,88 ÷ 0,12 = 7,33 kg na ruwa a kowane kilo na daskararre a shiga, 0,08 ÷ 0,92 = 0,087 a fita. Tunda yanzu tushensu ɗaya ne, cirewa ta halatta: 120 × (7,333 − 0,087) ya dawo da ku kusan 869,6 ɗin nan. Kullum ku duba wanne tambayar ke nufi.

Wani lokaci babu sinadarin da ya bi kibiya ɗaya. A kolon ɗin tace benzen da toluwen, kowanne yana fita sama da ƙasa. A ce 100 kmol/h ke shiga da benzen 40 %, sama na fita da 95 %, ƙasa da 5 %. D shi ne abin da ke fita sama, W na ƙasa, sai ku haɗa ekwasiyon biyu: D + W = 100, da 0,95 D + 0,05 W = 40. Amsa: D = 38,9 da W = 61,1 kmol/h.

7. In akwai reyaksiyon

Nan doka ta canza. Jimlar nauyi tana nan, yawan kowane atom yana nan, amma yawan mol na iya ƙaruwa ko raguwa. Don haka jerin aikin shi ne: ku rubuta reyaksiyon ku daidaita shi, ku mayar da kilo zuwa mol, ku yi lissafin a mol, sannan ku dawo kilo.

Mu ɗauki abin da ke faruwa a tandun siminti irin na Malbaza. Wajen 900 °C dutsen farar ƙasa yana rabuwa, kafin kayan su kai wajen 1450 °C inda kilinka, curin da ake niƙawa ya zama siminti, ke samuwa:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Nauyin mol: 100,1 da 56,1 da 44,0. A ce dutse 1000 kg ne, 90 % ɗinsa CaCO₃, sauran ba ya shiga reyaksiyon, kuma 95 % ne ya rabu. CaCO₃ 900 kg ya ba da 8,991 kmol. Wanda ya rabu 8,541 kmol. Daga nan CaO 479,2 kg, CO₂ 375,8 kg, CaCO₃ da ya rage 45,0 kg, sai 100 kg da suka wuce yadda suka shigo. Ku tara: 1000 kg. Mol ɗaya ya zama biyu, amma nauyi bai motsa ba.

Gargaɗi: kason da ya rabu a kan sinadarin ake lissafa shi, ba a kan dutsen gaba ɗaya ba, 95 % na 900 ne, ba na 1000 ba. In sinadarai biyu ne ke haɗuwa, ku fara gano wanda zai riga ƙarewa, ta hanyar raba mol ɗin kowanne da lambar da ke gabansa a reyaksiyon. Mafi ƙanƙanta shi ne mai iyakance aikin. Kuma kada ku bar wanda bai shiga reyaksiyon ba a baya, musamman azot na iska a lissafin ƙonewa: 79 % ne, yana shiga, yana fita.

8. Iskar gas da zafin Yamai

Kowa ya haddace lita 22,4 ga mol ɗaya tun daga lise, amma wannan a 0 °C ne da atmosfer 1. A 40 °C, zafin da muka saba gani a watan Afrilu, mol ɗaya lita 25,7 yake ci. Ku gwada da butalin gas mai kilo 6, a ɗauka butan ne zalla: mol 103,2 ke nan, kowane mol yana buƙatar 6,5 na oksijin, wato mol 671, wanda ya yi daidai da iska mol 3195. Da 22,4 za ku sami 71,6 m³, da 25,7 kuwa 82,1 m³. Tazarar ba ƙarama ba ce. Ku yi aiki da PV = nRT (a nan P matsi ne, V cika, n yawan mol, R lambar gas da ba ta canzawa, T zafi), zafi a kelbin, wato ku ƙara 273,15.

Gargaɗi: in an ce an ba da rarar iska 20 %, a kan abin da cikakkiyar ƙonewa ke buƙata ake lissafa ta, ko da a zahiri ƙonewar ba ta cika ba.

9. Na'urori da yawa da kibiyar da ke komawa baya

Da zarar zane ya kai akwati uku da kibiya mai juyawa baya, sai gaban ɗalibi ya faɗi. Ku fara da babbar iyaka wadda ta zagaye komai. Kibiyar da ke komawa baya tana ciki, ba ta ratsa iyakar, don haka ba ta shiga wannan bilan ɗin. Sau da yawa daga nan kuke samun abin da ke fita gaba ɗaya. Bayan haka ku yi ƙirgar mataki na 5 ga kowace akwati, ku shiga ta wadda ta ba da sifiri, ku bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Mahaɗar kibiya biyu ita ma akwati ce, ku yi mata nata bilan. Inda kibiya ɗaya ta rabu biyu ba tare da wata na'ura ba, kason rassan duka ɗaya ne, yawansu ne kawai ya bambanta. In akwai sinadarin da ke shiga amma ba shi da mafita, kamar argon a masana'antar amoniya, dole a sami ƙaramar kibiyar zubarwa, in ba haka ba taruwa zai yi ta yi.

Gargaɗi: kason da ya rabu a wucewa ɗaya cikin reyakta daban, na masana'anta gaba ɗaya daban. Na farko a kan abin da ya shiga reyakta ake auna shi, na biyu a kan sabon kayan da aka zubo daga waje.

10. Bincike kafin a ja layi

Ekwasiyon ɗin nan na uku da na ce kada ku ƙirga shi, yanzu amfaninsa ya zo. Bilan na ruwa a albasa: shiga 880; fita 130,4 × 0,08 = 10,4, a tara da 869,6, ya ba da 880. Ya rufe.

Sai binciken hankali. Babu kibiya mai lamba ƙasa da sifiri, babu kason da ya wuce 1, abin da ya fita ba zai fi wanda ya shiga ba. Benzen yana tafasa a 80,1 °C, toluwen a 110,6 °C, don haka in amsarku ta tara toluwen a saman kolon, kun juya haruffa. Kada ku yanke lambobi a tsakiyar aiki, ku bar su cikin kalkilatiris sai ƙarshe, sannan ku ba da amsa da lamba uku ko huɗu masu ma'ana.

11. Yadda za a sa shi a takardar amsa da rahoton TP

Jerin shi ne: zane, abubuwan da kuka ɗauka, tushe, ekwasiyon da haruffa, sannan lambobi, sannan amsa da awonta cikin akwati. Malamai da yawa suna ba da maki a kan kowane mataki, don haka zane mai kyau da ekwasiyon daidai suna iya kai ku kusa da 10 bisa 20 ko da yatsa ya zame a kalkilatiris. Lamba tsirara ba awo kuwa, ba ta gaya wa malam komai. In lokaci ya ƙure, ku rubuta sauran ekwasiyon ɗin da haruffa ko ba ku warware su ba.

A ɗakin TP, wato ɗakin gwaji, al'amarin ya ɗan bambanta, domin bilan na gaske ba ya rufewa cif. In awon ruwa ne, ku auna kwanon shi kaɗai, ku auna shi da samfur, ku sa a tandun busarwa wajen 105 °C, ku sanyaya a desikata, mazubin da ke hana samfur shan laima, ku sake aunawa, ku maimaita har nauyin ya daina sauka. Kwano mai zafi ba a ɗora shi a sikeli. In kuran ya ɗauke ana cikin aiki, ku rubuta lokacin a kaye ku kuma ambata shi a rahoto. A ƙarshe ku lissafa giɓin: shiga a cire fita, a raba da shiga, sau 100. Ku faɗi inda kuke ganin ya tafi, ko ya manne a jikin kwalba, ko ya bi iska.

Ina roƙonku, kada ku gyara lamba don bilan ya rufe. Malam yana gane rahoton da ya yi kyau fiye da kima, kuma ranar da kuka je sitaj a tashar tace ruwa ta Gudel ko a wata masana'anta, wannan giɓin ne zai nuna inda bututu ke yoyo ko inda ma'auni ya lalace.

12. Gwaji

Ku duba gwangwanin tumatur, za ku ga da yawa an rubuta 28 %, wato kason daskararren abin da ke ciki. A ce ruwan tumatur 500 kg/h mai daskararre 5 % ke shiga na'urar ƙafewa, ana so ya fito da 28 %. Ku rufe wannan shafin, ku bi matakan daga na 2 a kan kayenku. Amsar ita ce tumatur 89,3 kg/h da tururi 410,7 kg/h. In tururinku ya fito 115, kun cire kaso daga kaso, sai ku koma mataki na 6.